Leclerc a Ferrari, 2019: an kawo magaji, an kira shi ɗan rakiya

Ranar Lahadi 17 ga Nuwamban 2019, a gasar tseren motoci ta Formula 1, a filin Interlagos da ke birnin Sao Paulo na Brazil, ana cikin zagaye na 66 daga cikin 71, jajayen motocin Ferrari guda biyu suka gogi juna. Gugar ba ta taka kara ta karya ba, wanda ya ƙifta ido a lokacin ma ba zai gan ta ba. Charles Leclerc, ɗan shekara 22, ya kutsa ta ciki a kwanar farko ya wuce Sebastian Vettel, mutumin da ya ci kambun duniya sau huɗu. Vettel bai iya haɗiyewa ba. Da suka fito miƙaƙƙen titin da ke gaba sai ya taka totur ya jero da shi, ya fara wuce shi, sannan ya ɗan karkato sitiyari hagu. Tayarsa ta baya ta taɓa tayar Leclerc ta gaba, shi ke nan. Ƙafar motar Leclerc ta karye, tayar Vettel ta yage tana zabgar jikin mota kamar bulala, kowa ya gangara gefe yana zazzaga faɗa ta rediyo. Duk wannan kokawa a kan matsayi na huɗu ake yin ta.

Mintoci kaɗan bayan haka wani matashin, Bafaranshe Pierre Gasly, ya tsallake layin ƙarshe a matsayi na biyu, kafaɗa da kafaɗa da Lewis Hamilton na ƙungiyar Mercedes, a cikin motar ƙaramar ƙungiyar Toro Rosso, ƙanwar Red Bull. Wata uku kafin ranar, babbar ƙungiyar Red Bull ta sauko da shi ƙasa a kan cewa bai iya ba.

Wannan tsere nake tunawa duk lokacin da aka ɗauko yaro aka ɗora shi a babbar mota, masu sharhi suka fara auna shi mako-mako. Haka na tuna shi a watan Maris na 2025, da Red Bull ta sauke Liam Lawson bayan tsere biyu kacal. Ra'ayina shi ne, shekarar farko ta matashin direba a sabuwar ƙungiya jarrabawa ce da yaron da masu gidan suke zaunawa tare, amma takardar yaron kaɗai ake dubawa. Leclerc ya ci tasa a 2019. Ta Ferrari nake son mu buɗe.

Ga wanda bai saba bin gasar Formula 1 ba, domin na san a gidajen kallonmu ƙwallo ce mai sarauta, akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe. Ƙungiyoyi goma ne a wancan lokaci, kowacce da motoci biyu, kuma kowacce ita ke ƙera motarta. Saboda haka ba za ka iya cewa direban Mercedes ya fi na Williams ba don kawai ya riga shi zuwa, wataƙila motar ce ta fi. Mutum ɗaya ne tak a duniya yake tuƙa irin motarka, da injinka, da makanikan gidanku: abokin aikinka. Shi ne ma'auninka. In ya doke ka, ba ka da inda za ka ɓuya. Shi ya sa mutane biyun da ke sa riga iri ɗaya suna murmushi a hoto su ne suka fi kowa sa wa juna ido.

Ferrari kuwa ba gidan raino ba ne. Al'adarta ta sayi ingarman da ya riga ya ci sukuwa a wani wuri. Michael Schumacher ya zo a 1996 da kambu biyu a hannu, Fernando Alonso ya zo a 2010 da biyu, Vettel ya zo a 2015 da huɗu. Da ta sanar a watan Satumban 2018 cewa Leclerc zai gaji kujerar Kimi Raikkonen, ya zama direba mafi ƙuruciya da ta ɗauka tun Ricardo Rodriguez a 1961. Yaron ɗan Monako ne, ya ci ƙananan gasannin da ke ƙasa da Formula 1, GP3 a 2016 da Formula 2 a 2017, ya yi shekara ɗaya tak a Formula 1 tare da ƙungiyar Sauber, inda ya tara maki 39. Tsohon shugaban kamfanin, Sergio Marchionne, shi ne ya nace a ɗauko shi, amma ya rasu a watan Yulin 2018 kafin a sanar. Waɗanda suka gaje shi suka cika masa buri. A ganina daga nan ɓarakar ta soma: wanda ya san dalilin kawo yaron ba ya raye, waɗanda suka rage kuma suka karɓi amanar ba tare da sun zauna sun yanke abin da za su yi da Vettel ba.

A watan Fabrairun 2019, wurin bikin nuna sabuwar mota, sabon shugaban ƙungiyar, Mattia Binotto, ya faɗa wa 'yan jarida cewa in al'amari ya zo kunnen doki, Vettel za a fifita. Ba zan ce maganar ba ta da kai ba. Vettel ya jagoranci teburin gasar a wani ɓangare na 2017 da na 2018, sau biyun duk Hamilton ya ƙwace, kuma tun ranar da ya zame ya daki shinge a filin Hockenheim na Jamus a 2018 yana kan gaba a gaban 'yan ƙasarsa, kowa ya ga zuciyarsa ta raunana. Binotto yana son ya lallashe shi. Sai dai ya raba gado tun agogo bai yi magana ba.

Agogon bai ɗauki lokaci ba. A tseren farko a Ostireliya, Leclerc ya cim ma Vettel a ƙarshe-ƙarshe, ya tambaya ta rediyo ko ya tsaya a baya, aka ce masa ya tsaya. Ya bi umarni ya ƙare na biyar. Mako biyu bayan nan a Baharain, ya fi kowa gudu ranar Asabar, ranar da ake gwajin da ke tantance wanda zai tsaya a gurbin farko. Ranar Lahadi ya yi mummunar tashi, Vettel ya wuce. Da ya sake cim masa aka ce ya dakata zagaye biyu. Bai dakata ba, a zagaye na shida ya wuce abinsa, ya yi nisa, kamar ba mota iri ɗaya suke tuƙawa ba. Saura zagaye goma sha ɗaya ko makamancin haka sai silinda ɗaya a injinsa ta daina ci, saboda wata matsalar wuta a na'urar da ke sarrafa feshin mai. Motar ta koma kamar akwalar da ke hawan tudu da lodi. Hamilton ya wuce, abokin aikinsa Valtteri Bottas ya wuce. Da motocin Renault biyu ba su mutu a lokaci ɗaya an fito da motar da ke rage wa tsere gudu ba, da Max Verstappen na Red Bull ma ya wuce shi. Ya ƙare na uku, Hamilton da kansa ya je yana ba shi haƙuri.

Duk mai ido ya ga abin da ya faru a daren nan. Amma tsere na gaba a Chaina, wanda shi ne na 1,000 a tarihin gasar, aka sake umartar Leclerc ya kauce wa Vettel a zagaye na 11. Ya kauce. Vettel bai iya tserewa ba, dabarar canjin taya kuma ta rikice, Verstappen ya shiga tsakaninsu, Leclerc ya koma na biyar. An sadaukar da mota ɗaya, ba a kamo Mercedes ba.

Kada a ɗauka ina wanke yaron ne. Ya yi nasa ɓarin. A Baku ta Azabaijan ya daki bango a ƙunƙuntar kwanar da ke gindin tsohuwar ganuwar birnin, a ranar da kowa ke ganin gurbin farko nasa ne, aka ji shi a rediyo yana maimaita cewa shi wawa ne. A Jamus ya zame a ruwan sama ya maƙale a shinge, ranar da Vettel ya taso daga na 20 ya ƙare na biyu. A Japan ya daki Verstappen tun a tashin farko. Waɗannan kurakuran ƙuruciya ne, kuma duk wanda ya ɗauki ɗan shekara 21 ya san da su a cikin kuɗin sayen. Abin da ba na cikin ciniki shi ne irin na Monako, garinsu, titunan da ya taso yana bi zuwa makaranta. Ranar gwaji injiniyoyin suka lissafa cewa lokacin da ya yi ya isa, suka bar shi zaune a gareji don a adana taya. Sauran suka ƙara gudu, aka fitar da shi tun a zangon farko. Ya tashi daga can baya a filin da wucewa ke da wuya ƙwarai, ya yi ta kutse cikin fushi har ya fasa taya ya fita. A Kanada kuma, da aka ci Vettel tarar daƙiƙa biyar, ba wanda ya gaya wa Leclerc da ke bayansa, Binotto ya ce mantawa suka yi. Gidan da ke lissafin dubu ɗaya na daƙiƙa ya manta da biyar cur.

Inda na ga yaron ya girma a idona shi ne Ostiriya. Ya jagoranci kusan duka tseren, saura zagaye uku Verstappen ya kutso ta ciki, ya matse shi har ya fita daga kwalta, ya tafi da nasarar. Alƙalai suka yi kusan awa uku suna nazari, suka ce babu laifi. Leclerc bai tsaya kuka ba. Ya ce in haka dokar take, to ya ji. Mako biyu bayan nan a Silverstone ta Ingila ya rama wa Verstappen da irin kuɗinsa, zagaye bayan zagaye, taya na gugar taya, bai ba shi ko taku ɗaya ba. Ba kowane direba ke ɗaukar darasi cikin kwana goma sha huɗu ba. Wasu sai sun shekara suna ƙorafi.

Daga nan sai Beljiyam, inda ya kamata a ɗan sassauta murya. Ranar Asabar 31 ga Agusta, bayan Leclerc ya samu gurbin farko a filin Spa, aka yi mummunan haɗari a tseren Formula 2, Anthoine Hubert ya rasu yana da shekara 22. Tare suka fara tseren ƙananan motoci tun suna yara, shi da Leclerc da Gasly. Ba wannan ne rashin farko da Leclerc ya gani ba. Jules Bianchi, wanda ya zame masa tamkar yaya, a filin mahaifin Bianchi ma Leclerc ya koyi tuƙi, ya yi haɗari a Suzuka ta Japan a 2014 ya rasu a watan Yulin 2015. Mahaifin Leclerc, Herve, ya rasu a watan Yunin 2017, kwanaki kaɗan kafin tseren Formula 2 na Baku, wanda ya je ya ci. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya gaya wa mahaifin, yana kan gadon ajali, cewa ya sa hannu da Ferrari, alhali a lokacin bai sa ba. Ranar Lahadi 1 ga Satumba ya shiga mota. A zagaye na 19, lambar motar Hubert, jama'a suka miƙe suna tafi. Ya riƙe Hamilton a bayansa da ratar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, ya ci tserensa na farko, ya fito bai yi murna ba, ya nuna sama.

Akwai abin da ake yawan mantawa game da ranar. An umarci Vettel ya kauce wa Leclerc, ya kauce, sannan ya tsare Hamilton na wasu zagaye. Ba don haka ba, da wuya nasarar ta samu. Wato ranar da aka faɗa wa Vettel magana ɗaya a fili, ya yi ta. A riƙe wannan.

Mako ɗaya bayan nan, Monza. Italiyawa ba sa kallon Ferrari a matsayin kamfani, kamar ƙungiyar ƙasa suke ɗaukarta, kuma a makon ne aka yi bikin cikarta shekara 90 a dandalin babbar majami'ar Milan. Rabonta da cin tsere a gida tun Alonso a 2010. A filin Monza mota kan laɓe a bayan wata don ta gaba ta tsaga mata iska, ta samu ƙarin gudu a miƙaƙƙen titi. An shirya ranar Asabar cewa za su yi wa juna wannan taimako bi da bi. Vettel ya yi nasa. Da aka zo zagayen ƙarshe, direbobi suka yi ta jan ƙafa kowa na jiran wani ya shige gaba, har lokaci ya ƙure wa kusan dukkansu, Vettel bai samu nasa rabon ba, Leclerc ya riƙe gurbin farko. Vettel ya fito rai a ɓace, kuma yana da gaskiya. Ranar Lahadi Leclerc ya yi zagaye 53 motocin Mercedes biyu na hura masa wuta a ƙeya, Hamilton tukuna, daga baya Bottas. A wata kwana ya matse Hamilton har ya sauka daga titi, aka ɗaga masa tutar gargaɗi mai baƙi da fari. Darasin Ostiriya ke nan ya biya. Ya ci. Vettel kuwa ya juya da kansa a kwanar Ascari, ya dawo titi ya daki Lance Stroll, aka hukunta shi, ya ƙare na 13. Da Binotto ya hau rediyo yana taya Leclerc murna, abin da ya ce masa da Italiyanci shi ne an yafe masa.

An yafe masa. Duk duniya ta ji, har da Vettel. Wanda ya taso a gidan da ke da mace fiye da ɗaya ya san irin maigidan nan da ke shiga ɗakin uwargida ya ce ke ce babba, ya shiga na amarya ya ce ke ce ta gaban goshi, yana ganin ya iya zama da iyali. Ranar da suka haɗu a tsakar gida ake gane bai gyara komai ba. Abin da Ferrari ta yi ke nan daga Satumba zuwa Nuwamba.

A Singafo Leclerc ne a gurbin farko kuma shi ke gaba. Aka kira Vettel, da ke na uku, ya canza taya zagaye ɗaya kafin shi. Sabuwar taya ta fi tsohuwa kama ƙasa, don haka wanda ya riga canzawa yakan ci riba a zagayen da ɗayan ke kan tsohuwa. Ribar ta fi yadda suka lissafa, Leclerc ya fito daga wurin canji ya tarar da Vettel a gabansa. Ba a mayar masa da wurinsa ba. Ferrari ta yi na ɗaya da na biyu, Vettel ya ci tserensa na 53, wanda ya zama na ƙarshe a rayuwarsa ta tsere, Leclerc ya yi ta mita a rediyo. Mako ɗaya bayan nan a Sochi ta Rasha aka ƙulla wata yarjejeniyar: Leclerc da ke gurbin farko zai bar Vettel ya laɓe a bayansa don su biyun su sha gaban Hamilton, in Vettel ya wuce ta dalilin haka zai mayar da wurin. Vettel ya wuce. Aka ce ya mayar, ya ce Leclerc ya matso tukuna. Aka sake faɗa, ya ci gaba da tafiyarsa. Sai da aka yi amfani da lokacin canjin taya aka juya su. Nan take na'urar lantarkin injin Vettel ta lalace ya tsaya a gefen titi, aka rage wa kowa gudu, Hamilton ya canza taya a sauƙaƙe ya tafi da nasarar da ke hannun Ferrari.

Masu goyon bayan Leclerc sun ce Vettel ya ci amana. Masu goyon bayan Vettel sun ce bashin Monza ya karɓa, suka ƙara da cewa ai a ranar ya fi yaron gudu, wanda gaskiya ne. Ni dai na tuna 2013 a Malesiya, lokacin da Vettel yana matashi a Red Bull aka ce ya tsaya a bayan Mark Webber ya ƙi. Wanzami ba ya son jarfa. Amma kama ɗayansu da laifi barin jaki ne ana dukan taiki. Direbobin wannan mataki an zaɓo su ne saboda ba su iya haƙura da na biyu ba, wannan halin ne ya kawo su wurin. Aikin shugaba ne ya faɗi doka ɗaya mai sauƙi da kowa zai iya riƙewa yana gudun kilomita 300 a awa. Ko dai a ce ku yi tsere, kada dai ku taɓa juna, ko a ce wane ne gaba a bana. Ferrari ta zaɓi ƙulla sabuwar yarjejeniya kowane mako, mai sharuɗɗa da reshe-reshe, wadda kowa zai fassara yadda ta yi masa daɗi. Abin da ya faru a Brazil ba daga sama ya faɗo ba.

Za a iya ce mini, to me Binotto zai yi? Ya kira mai kambu huɗu, wanda ke karɓar albashi mafi tsoka a gidan, ya ce masa daga yau kai ne mataimaki? Ban ce haka ba. Abin da ya wajaba shi ne tun bayan Baharain a janye maganar Fabrairu a fili, a ce ba babba ba yaro, agogo ne alƙali. Da Vettel ya ji zafi na mako biyu ya wuce wurin, ai ya taɓa ganin irinta a 2014 lokacin da Daniel Ricciardo ya zo Red Bull ya doke shi. Abin da aka yi masa a maimakon haka ya fi ciwo. An bar shi da sunan jagora, yana kallon gidan na komawa wajen yaro a hankali. Ranar 23 ga Disamban 2019 aka tsawaita kwantiragin Leclerc har 2024. A watan Mayun 2020 aka sanar Vettel zai tafi, daga baya ya bayyana cewa ko tayin sabon kwantiragi ba a yi masa ba, ta waya Binotto ya sanar da shi. Hukuncin da aka kasa furtawa a gareji, shi aka yanke a ofis.

Akwai kuma batun injin, wanda masoya Leclerc ba sa son a tayar. Dokar lokacin ta ce mai ba zai wuce kilo 100 a awa ba wajen shiga inji, kuma akwai na'urar da ke aunawa. Abokan hamayya sun yi zargin cewa Ferrari ta samu hanyar tura ƙarin mai ba tare da na'urar ta gani ba, saboda yadda motarta ke tserewa a miƙaƙƙen titi. Daga Beljiyam zuwa Meziko, tsere shida a jere, jar mota ce ke tashi daga gurbin farko. Red Bull ta aika wa FIA, hukumar da ke kula da gasar, tambaya, hukumar ta fitar da ƙarin bayani a kan dokar gab da tseren Amurka a farkon Nuwamba, daga nan Ferrari ba ta sake samun gurbin farko ba a shekarar. Ferrari ta musanta aikata laifi. A ƙarshen Fabrairun 2020 FIA ta ce ta yi sulhu da ita a asirce, ƙungiyoyi bakwai suka fito suka yi tir, a kakar 2020 kuma Ferrari ta faɗo ta shida, mafi muni tun 1980. Mai karatu ya haɗa lissafinsa. Abin da zan ce kawai, ko me ke cikin injin nan, yana cikin motar Vettel ma. Leclerc ya samu gurbin farko sau bakwai, fiye da kowa a shekarar, Vettel sau biyu. Leclerc ya ci tsere biyu, Vettel ɗaya. Maki 264 da 240. Wannan ma'aunin zargin bai taɓa shi ba. A teburin ƙungiyoyi kuwa Mercedes ta tara 739, Ferrari 504.

Na Gasly gajere ne, shi ya sa ya fi ɗaci. Shi ma shekara ɗaya cikakkiya ya yi a Toro Rosso aka ɗaga shi ya maye gurbin Ricciardo. Ya fasa mota sau biyu a gwajin share fage a Basalona, daga nan bai sake samun natsuwa ba. Verstappen ya zagayo ya wuce shi da zagaye guda a Ostiriya, gidan Red Bull, ya sake a Hungari. Bayan tsere 12, maki 63 gare shi, Verstappen na da 181. Shugabanninsa sun faɗa a bainar jama'a cewa zai ƙarasa shekarar, sai ga shi a hutun Agusta an musanya shi da Alexander Albon. Red Bull na da hujjarta, kuma ba ƙarama ba ce: maki 44 ne tsakaninta da Ferrari a lokacin, kowane matsayi a tebur kuɗi ne masu yawa, kuma irin wannan yanke hukunci cikin gaggawa ne ya ba ta Verstappen a 2016, wanda ya ci tserensa na farko da ita a Sifaniya yana ɗan shekara 18. Na yarda Formula 1 ba makarantar allo ba ce da za a jira kowa ya haddace. Amma a duba jerin waɗanda suka zauna a kujerar nan bayansa. Albon an sauke shi a ƙarshen 2020. Sergio Perez, gogagge, ya fara da kyau ya ƙare da ƙyar. Lawson tsere biyu. Gasly kuwa da ya koma ƙaramar mota ya yi na biyu a Brazil, sannan ranar 6 ga Satumban 2020 ya ci tseren Monza. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya. In direbobi da yawa suna kifewa a kwana ɗaya, ya kamata wani ya sauka ya duba kwanar.

Bambancin gidajen biyu shi ne Red Bull ta san abin da take so, sai dai ba ta da haƙurin jiran kowa in ba Verstappen ba. Ferrari tana da haƙurin, ta bar yaro ya daki bango a Baku da Hockenheim ba ta ɗaga masa murya a waje ba, kuma wannan abin a yaba mata ne. Abin da ta rasa shi ne bakin faɗa wa mutanenta biyu gaskiya ɗaya a ɗaki ɗaya. Binotto ya bar kujerar a ƙarshen 2022, shekarar da Leclerc ya fara da jan ragamar gasar ya ƙare na biyu bayan jerin lalacewar inji da kurakuran dabara, har da nasa. Wanda ya gaje shi, Fred Vasseur, shi ne ubangidan Leclerc a Sauber a 2018. Rabon Ferrari da kambun direbobi tun Raikkonen a 2007.

Su biyun dai ba su rabu da gaba ba. A tserensu na ƙarshe tare, a Abu Dhabi cikin Disamban 2020, suka yi musayar hular kwano kamar yadda direbobi kan yi. Vettel ya rubuta a jikin tasa cewa a shekara 15 da ya yi a Formula 1 bai gamu da direba mai baiwar Leclerc ba, ya roƙe shi kada ya bar ta ta tafi a banza. A tseren ranar Leclerc ya zo na 13, Vettel na 14, wanda ya ci kuma ya zagayo ya wuce su duka biyun.